Yadda za ka auna nasarar jam'iyyar 'yan aware a zaɓe

Duk sanda jam'iyyar 'yan aware ta lashe zaɓe a Turai, sai ka ji ana cewa a teburin mai shayi na unguwarmu a nan Jos wai shi ke nan, ƙasa ta rabu. Ni da nake koyar da darasin gwamnati a sakandare abin yana damuna, domin ɗalibaina ma haka suke ɗauka.

Ɗan'uwa, fara da ƙirga ƙuri'u kafin kujeru. A 2015 jam'iyyar SNP, mai neman ɓallewar yankin Sikotland daga Birtaniya, ta kwashe kujeru 56 cikin 59 na Sikotland a majalisar Birtaniya, amma wajen rabin ƙuri'u kawai ta samu. Watanni takwas kafin nan, a 2014, kashi 55 cikin ɗari na masu zaɓen yankin sun ƙi ɓallewa a ƙuri'ar raba gardama. Mutum zai iya dangwala wa jam'iyya don asibiti ko don haushin Landan, ranar raba gardama kuma ya tuna fanshonsa da kuɗin fam da ke aljihunsa, hannunsa ya yi sanyi. Haka ma faɗuwa: a 2024 kujerun SNP sun koma 9, alhali masu son ɓallewa suna nan kusan rabi a ƙuri'un jin ra'ayi.

Sannan ka binciki wanda makullin ba da izinin ƙuri'ar raba gardama yake hannunsa, nan ne nake so ka fi tsayawa. Ƙuri'ar 2014 ta yiwu ne saboda firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, ya sa hannu kan yarjejeniya da shugaban gwamnatin Sikotland na lokacin, Alex Salmond, a Edinbara a 2012. Da aka so maimaitawa, kotun ƙolin Birtaniya ta ce a 2022 majalisar Sikotland ba ta da hurumi sai da yardar Landan. Kataloniya, wani yanki na Sifaniya, ta yi gaban kanta ta shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 1 ga Oktoba 2017, gwamnatin Sifaniya a Madrid ta ɗauko sashe na 155 na kundin tsarin mulkinta ta rushe gwamnatin yankin, shugaban yankin Carles Puigdemont ya tsere Beljiyam, kuma babu ƙasar da ta amince da su. Sudan ta Kudu kuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 da gwamnatin Sudan ce ta rubuta mata ƙuri'ar 2011, shi ya sa duniya ta karɓe ta.

In za ka kwatanta da gida, buɗe kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 2 ya ce Najeriya ɗaya ce da ba ta rabuwa, kuma INEC ba ta yi wa jam'iyyar yanki ɗaya rajista, dole shugabannin jam'iyya su fito daga kashi biyu bisa uku na jihohi, hedikwata a Abuja.