Ka tsinci lambar yabo ta soja? Ga yadda za ka mayar wa iyalansa

In lambar yabo ta yaƙi ta faɗo hannunka, ko wajen masu sai da tsoffin kaya ko cikin wata tsohuwar akwati, dan Allah kar ka hau dirzarta da man goge ƙarfe wai ta yi ƙyalli, rubutun jikinta ƙanana ne kuma da su za ka kama bakin zaren. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa.

Sai ka juya ta. Na Ingila na yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, irin su British War Medal da Victory Medal, a gefen da'irar aka buga suna da muƙami da nambar soja da rundunarsa, ka haska tocilan waya a karkace kana murzawa a hankali za ka ga haruffan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Purple Heart ta Amurka kuwa, wadda ake ba sojan da aka raunata ko aka kashe a yaƙi, in ta wanda aka kashe ce sunan yana bayanta. Masu ciwon kai su ne na Ingila na yaƙin duniya na biyu kamar Burma Star, yawanci haka aka raba su ba suna, dole ka dogara da wasiƙa ko hoton da suka zo tare.

Ka samu suna? Shiga shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila da ƙasashen renonta da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, kyauta ne, suna da sunayen mamata wajen miliyan 1.7, wani lokaci har da sunan iyaye ko mata da garinsu. Ka haɗa da namba fa, takwarori sun yi yawa a soja. In ta Amurka ce akwai ƙungiyar Purple Hearts Reunited mai mayar wa iyalai lambobin yabon da suka ɓata, tun 2012 aikinsu ke nan.

Inda mutane ke kwafsawa shi ne wajen cigiya a Facebook, su saka hoto da komai a fili, alhali abin nan kuɗi ne a wajen masu tara kayan tarihi, nan da nan wani zai ɓullo wai jika ne. Rufe nambar da sunan rundunar. Duk wanda ya ce kakansa ne shi zai faɗo su, ko ya turo takarda ko hoto. In dangi biyu suka taso kar ka zama alƙali, su sasanta kansu tukuna.

Bayarwa hannu da hannu ta fi, in da nisa a aika ta gidan waya da rajista, kuma a ganina maganar tukwici ma bai kamata ta taso ba. In an yi nema har an gaji, gidan tarihin rundunarsa za ka tuntuɓa.