Yadda Ake Gane Ma'anar Kalmar "Bolt" a Cikin Jimla

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC a Argungu, idan ya ci karo da kalmar Ingilishi "bolt", ya fara tantance ko aikatau ce ko suna. Idan aikatau ce kuma doki ake magana, to zabura ya yi ya ruga a guje, kamar yadda akan gani a hawan sallah. Idan abinci ne ya biyo bayanta, haɗiya ce cikin gaggawa ba tauna.

Idan kuwa suna ce, a duba kalmomin da ke kewaye da ita. A jikin ƙofa sakata ce, a gareji ƙarfen da ake ɗaura wa noti ne, a sararin sama walƙiya ce, a shagon yadi kuma bandir ne, wanda a ganina ya fi saurin ɓatar da mai karatu.