Yadda Ake Saita Taimin na Ƙaramar Motar Suzuki Carry

Taimin shi ne lokacin da filogi ke ba da wuta a cikin silinda. Wannan bayanin na tsohuwar Carry ce mai injin F10A, mai silinda 4 da distiributa, wato abin da ke raba wa filogi wuta. Kana buƙatar fitilar taimin, sifana da alli. Wasu makanikai da kunne suke saitawa, amma fitilar ta fi gaskiya.

1. Ka tada mota ta yi zafi, sannan ka kashe. Giya a firi, birkin hannu a ja. Ɗaga kujera, injin yana ƙarƙashinta.

2. Nemo alamar taimin a jikin fuli ko fulawil, ka goge maiƙon, ka shafa wa layin alli. Yawan digirin da ake so yana cikin littafin motar, kada ka ari na wata mota.

3. Haɗa fitilar da batir, maƙalin fitilar kuma a wayar filogi ta silinda ta 1. Cire tiyon iska na distiributa ka toshe shi.

4. Sassauta notin distiributa kaɗan, ka tada injin a silo, ka haska alamar. Nan ne aikin yake: juya distiributa a hankali har alamar ta nuna digirin da littafin ya faɗa. Idan wuta ta yi gaba da yawa, injin zai riƙa ƙwanƙwasa a hawa, ya yi zafi. Idan ta yi baya, mota ba ƙarfi, ga shan mai. Kula da hannun rigarka kusa da bel.

5. Ɗaure notin, ka sake haskawa, don yakan goce wajen ɗauri. Mayar da tiyon.

Idan ka cire wayoyin filogi, jerinsu 1-3-4-2 ne.