Idan ctypes ya ƙi loda fayil ɗin .so ko .dll

'Yan uwa masu rubuta manhaja, ga shawara ga duk wanda ya harhaɗa laburaren C da kansa (fayil ɗin .so a Linux, .dll a Windows), yana son kiransa daga Python ta hanyar ctypes, wato kayan aikin Python na kiran irin wannan laburare.

Saƙon "cannot open shared object file" yakan ruɗar da mutum ƙwarai. Sau da yawa fayil ɗinka yana nan daram, wani laburaren da ya dogara da shi ne ba a samu ba. A Linux, buga umarnin ldd tare da sunan fayil ɗin, don ya lissafa laburaren da fayil ɗin ya dogara da su. Layin da ya nuna "not found" shi ne mai laifin. Saka foldarsa cikin LD_LIBRARY_PATH, wato jerin foldojin da Linux ke dubawa wajen neman laburare, tun kafin ka tayar da Python, domin in ya riga ya tashi, canjin ba ya kamawa. A nan ne mutane suka fi ɓata lokaci.

A Windows kuwa, tun daga Python 3.8 an daina bin jerin foldojin PATH wajen neman DLL ɗin da fayil ɗinka ya dogara da su, sai ka kira os.add_dll_directory don nuna foldar da suke. In ka ga saƙon WinError 193, galibi Python mai 64-bit ne ya gamu da DLL mai 32-bit, ko akasin haka.

In da C++ ka rubuta, kada ka manta da extern "C", wanda ke hana C++ sauya sunayen functions ɗinka, sannan ka duba sunayen ta hanyar umarnin nm -D a Linux.