Kafin ka sake sauke giya, duba fedar ambiriyaj

A bazarar bara wani Alhaji mai fataucin albasa ya kawo mini Corolla tasa gareji, nan Tahoua, ransa a ɓace. Motar otomatik ce da aka hauro da ita daga Kwatano, shi kuwa bai yarda da otomatik ba, ya sa aka cire aka ɗora masa giyar hannu. Ambiriyaj ɗin, wanda 'yan Najeriya ke kira kuloci, sabo ne fil. Da safe lafiya lau take tashi. Amma in ya kama hanyar Konni, kafin ya kai Badagishiri sai ya taka totur inji ya yi ta kururuwa, gudu bai ƙaru ba, ga ƙauri ya cika mota. Har an sauke giyar sau ɗaya an canza faifan ambiriyaj, ba ta sake zani ba.

Na ce, "Alhaji, tun da sanyi take yi, ko sai ta ɗau zafi?" Ya ce sai ta ɗau zafi. Nan take na hana yarona taɓa ko noti ɗaya a jikin giyar.

Da farko a raba cuta biyu da mutane ke cakuɗawa. In giya ta ƙi shiga, ko tana gurzawa, ko feda ta yi laushi kamar soso, wannan iska ce a cikin man birkin da ambiriyaj ke aiki da shi, ko famfon da ke tura man ya gaji. Cuta ta biyu ita ce zamewa, wato abin da motar Alhaji ke yi, kuma iska ba ta sa zamewa. Zamewa na nufin faifai bai matsu da kyau ba, kuma a motar da aka sauya wa giya, sau da yawa wani abu ne ke danne ambiriyaj ɗin a ɓoye alhali ƙafarka ba ta kan feda. Na sha ganin masu yini suna cire iska a kan mota mai zamewa, ɓarnar man birki kawai suke yi.

Tabbatar da zamewar tukuna. Ja birkin hannu, sa dutse a gaban taya, saka giya ta 4, ba da wuta kaɗan, ka saki feda a hankali. Inji ya kamata ya mutu. In ya ci gaba da aiki, tana zamewa. Sau ɗaya ya isa, kada ka ƙarasa ƙone faifan mutane. In mai mota ya ce sai da zafi, to a zagaya da ita ta yi zafi kafin gwaji.

Sai ka durƙusa ka taɓa fedar da yatsa, ba da ƙafa ba. Dole ta yi ɗan wasa kafin ka ji ta fara tura wani abu. A yawancin Toyota wasan feda milimita 5 zuwa 15 ne, na sandar da ke shiga famfon sama (wanda feda ke turawa) kuma milimita 1 zuwa 5 in an auna a kan feda. Ga dalilin da ya sa wannan ɗan wasan ya fi komai muhimmanci. A cikin famfon sama akwai wata 'yar kafa da mai ke bi ya koma kwalbarsa in ka ɗaga ƙafa. In sandar ta yi tsawo, fistan ba ya komawa ƙarshe, kafar ta zauna a rufe. Da safe ba ka ganin komai. Amma a zafin Afrilu na Adar, ga na inji, mai sai ya kumbura, ya rasa hanyar komawa, ya tura famfon ƙasa (wanda ke jikin giya yana danna ambiriyaj), kamar wani ya ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya da kai. A motar da asalinta otomatik ce, fedar da famfon duk daga wata mota aka ciro su, wani lokaci ma da hannu aka huda wurin ɗaurawa, don haka da wuya tsawon ya zo daidai da kansa. Duba kuma notin da feda ke tsayawa a kansa in ta dawo sama, da sifirin ɗin da ke dawo da ita. Ana saita tsayin feda kafin a taɓa sanda.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne wannan. Mota na da zafi, tana cikin zamewar, ka shiga ƙarƙashi ka sassauta notin cire iska na famfon ƙasa, ba wanda ya taka feda. In mai ya yi tsartuwa da ƙarfi, ka ɗaure, zamewa ta ɗauke na ɗan lokaci, to mai ne ya maƙale. Saura ka san inda ya maƙale. Bari ta sake yi, wannan karon ka sassauta bututun a bakin famfon sama. In a can ma ya yi tsartuwa, laifin famfon sama ne ko sandarsa. In can shiru amma a famfon ƙasa ya yi tsartuwa da ƙarfi, tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya wuce ba ya barinsa ya dawo. Ka tambayi kuma wane mai aka zuba. DOT 3 ko DOT 4 ake so. Baƙin mai ko man sitiyari na kumbura robobin famfo har su toshe kafar. A kula da ido da fentin mota, man birki ba ya barin ko ɗaya.

In mai bai yi tsartuwa ba, kama sandar famfon ƙasa ka tura ta cikin famfon da hannu. Ya kamata ta shige kaɗan. In ta ƙi ko motsi, fistan ya kai bango: sandar ta yi tsawo, ko furshet (ƙarfen da sandar ke turawa) da boris ɗin da ke bakinsa ba na wannan giyar ba ne. Wannan aikin masu haɗe-haɗen kayan kasuwa ne, boris na wata mota, filato (wanda ke matse faifai) na wata.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya nake yarda a sauke giya. Kafin nan ma leƙa ƙasan inda inji da giya suka haɗu. In da jiƙa, shinshina: man giya warin farar wuta gare shi, baƙin mai kuwa daga robar bayan inji yake zuwa, wadda ya kamata a canza tun ranar da aka buɗe wurin. Faifan da ya sha mai ba ya wankuwa, canzawa ake yi. In an buɗe, a duba ko an cika giris a haƙoran sandar giya, ko ƙusoshin faifai sun kusa fitowa, don Toyota ba ta yarda zurfinsu ya gaza milimita 0.3 ba. A duba ko filaton na ƙaramin inji ne aka ɗora wa babba, da ko bolan (ƙarfen bayan inji da faifai ke mannewa a jikinsa) ya ƙone ya yi shuɗi-shuɗi.

Motar Alhaji ba ta kai mu can ba. Fedarta ba wasa ko na ƙwayar gero. Na sassauta notin kulle, na rage sandar har wasan ya dawo, muka kama hanyar Konni da azahar mu huɗu a ciki, ba ta zame ba. Ya ce, "Malam, dama wannan ɗan notin ne ya ci mini faifai biyu?" Na ce ɗaya dai ya tafi, na biyun ya sha wuta amma da sauransa, ya rage mata lodi na 'yan kwanaki, in ƙauri ya dawo ya kawo ta mu buɗe.