Yadda nake sa ɗalibaina wasan Kahoot a aji

Ina koyar da ƙididdiga ga 'yan aji biyu a jami'a, laccar ƙarfe biyu na rana, lokacin da barci ke fizgar kowa. In na ce "an gane?" sai a amsa "an gane, Malam" baki ɗaya, jarrabawa ta zo ta tona mana asiri. Shi ya sa na fara gwada Kahoot, manhajar wasan tambaya da amsa da 'yan Norway suka fitar a 2013.

Tun ana gobe lacca nake shirya tambayoyi shida, ba na wuce haka. Kowace tana da amsoshi huɗu masu launi: ja, shuɗi, rawaya da kore. A aji in haska a bango da majigi, lambar shiga ta fito, ɗalibai su buɗe kahoot.it a wayoyinsu su sa ta. Ba sai sun yi rajista ba. Lambar ɗalibi nake sa su rubuta a gurbin suna, tun ranar da wani ya shigo mana da "Sarkin Barci".

Wahalar tana wajen ƙirƙiro amsoshin da ba daidai ba. Kada ka sa shirme don cike gurbi. Sa kuskuren da ka san suna yi. Misali na ba su 2, 3, 3, 4, 18, na ce su nemo lambar tsakiya. Amsa 3 ce, amma da gangan na sa 6, domin wanda ya tara ya raba biyar can zai faɗa. Da lokaci ya cika, allo zai nuna mutum nawa suka zaɓi kowace amsa. To, nan nake tsayawa. Sai in ce wanda ya zaɓi 6 ya tashi ya faɗa mana hanyar da ya bi, wani ya warware masa. Sau da yawa tambaya ɗaya kan ci minti goma.

Kahoot tana ƙara wa mai sauri maki, abin da ban so ba a lissafi, don haka nake ba da daƙiƙa 60.

In data ta yi wuya, mutum uku su haɗu a waya ɗaya. Gardamar da suke yi kafin su danna ma karatu ce. In sabis ya ƙi gaba ɗaya, akwai Plickers: kati ne na takarda da ɗalibi zai juya ya ɗaga, kai kaɗai za ka ɗauka da kyamarar wayarka. Nawa katunan suna cikin jaka kullum.