Darasi na Tara: "Kada a Sayar da Gidan Nan"

A ce wani dattijo ne a Aboabo, cikin Kumasi, ya gina gida mai ɗaki goma sha biyu da kuɗin fataucin goro. Da ya ga ƙarfi ya fara ƙarewa, sai ya sa aka rubuta masa wasiyya: "Na bar wa 'ya'yana gidan nan halak malak, amma kada a sayar da shi har abada." Ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu, ya saka takardar a akwatin ƙarfe, ya tura ƙarƙashin gado.

Bayan sadakar arba'in, autan gidan ya ce, "Yaya, a sayar a ba ni rabona in ja jari."

Babbar 'yar ta ce, "Haba auta! Ka manta abin da Baba ya rubuta? In an sayar, ina Inna za ta kwana?"

To, wannan sharaɗi zai tsaya a gaban alƙali?

Da wuya. Kotunan Gana suna bin wata tsohuwar ƙa'ida da suka gada daga shari'ar Ingila: ba a ba mutum abu ya zama mallakinsa, sannan a ɗaure masa hannu gaba ɗaya. Ikon sayarwa yana cikin mallaka. Saboda haka kotu takan bar kyautar, ta zubar da sharaɗin "har abada". Sharaɗi mai iyaka, kamar a fara yi wa 'yan'uwa tayi kafin bare, ya fi samun shiga, amma shi ma sai alƙali ya duba kalmominsa.

A Musulunci ma rabon magaji haƙƙinsa ne. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada.

Ni dai ina tausayin dattijon nan, don niyyarsa mai kyau ce. Tsoronsa kada matarsa ta koma ɗakin haya da tsufanta. Da ya je wurin lauya, da an rubuta cewa Inna za ta zauna a gidan muddin ranta, sai bayanta ya koma hannun 'ya'ya. Wannan tsari doka ta san shi, ko an sayar da gidan ba mai fitar da ita. Ko kuma tun yana da rai da lafiya ya tattauna da malami da lauya kan mayar da gidan waƙafi, a naɗa amintattu masu kula da shi.

A tuna kuma, yawancin filayen Kumasi na kujerar sarauta ne, wato mallakar masarauta, haya ake ba mutane. Abin da ake gada shi ne ginin da ragowar shekarun hayar fili, galibi daga cikin shekara 99.

Ga abin da ya fi shafar ajinmu. Dokar Wasiyya ta 1971, mai lamba 360, ta ce a rubuta wasiyya, mai ita ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci ɗaya. Kada a sa wanda zai ci wasiyyar ya zama shaida, don zai iya rasa abin da aka bar masa. In mai wasiyya bai iya karatu ba, dole wani ya karanta masa, ya yi masa bayani dalla-dalla, kuma ya rubuta a jikin takardar cewa ya yi hakan, mai wasiyya ya fahimta. Ka ce a fassara maka da Hausa, layi bayan layi, kafin yatsanka ya taɓa tawada. Daga nan a kai takardar ajiya Babbar Kotu, ba ƙarƙashin gado ba.

Aikin gida: ka rubuta jimla biyu da dattijon zai sa a wasiyyarsa don Inna ta zauna a gidan. Za mu karanta su a aji ranar Asabar.